Ɗigon Haske a Idon Aina'u

"Juwairiyya! Ina Juwairiyya take?"

Ina durƙushe ina tankaɗen garin dawa na ji muryar Aina'u daga zaure. Kafin in miƙe ta faɗo tsakar gida ko sallama babu, hijabi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya, ta dafe cikinta na wata bakwai da hannu.

"Aina'u lafiya? Wa ya mutu?"

"Aurena ne ya mutu! Ke kika kashe shi!"

Ta wurgo min wayarta, ta faɗa cikin garin. Na ɗauka na goge.

Hoton da na gani na san shi kamar yunwar cikina, don ni na ɗauke shi. Aina'u ce zaune a bakin gadonta, kanta ba ɗankwali, sabon kitso, ƙunshi ya kama jajir, hasken hantsi ya shigo ta ƙofa ya kwanta a gefen fuskarta. A ƙasan hoton kuwa an rubuta: Na ɗaya a gasar hotuna ta bana. Mai ɗauka, Jamil Kallamu.

Na ɗago na dube ta.

"Innalillahi... a ina kika samu wannan?"

"A ina ne babu shi? Duk Dawanau ta gani! A tsakiyar kasuwa wani ya miƙa wa Abdulhadi waya, ya ce Alhaji wannan ba gidanka ba ne?" Ta zube a kan tabarma tana haki. "Ya dawo ko abinci bai kalla ba. Tambaya ɗaya ya yi min, wane ƙato ne ya shiga ɗakinsa. Na rantse, na kuma rantsewa na ce ke ce. Ya ce sunan mace Jamil? Ya ce in tafi gida. Ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna, idan ba a gamsar da shi ba takardata zai rubuta."

Innata Hure ta fito daga madafi da muciya a hannu, ta tsaya tana kallona. Da ta rufe ni da duka da ya fi min sauƙi.

Aina'u ɗiyar ƙanen Babana ce. A ɗaki ɗaya muka tashi, a kwano ɗaya muka ci tuwo. Mijinta Abdulhadi ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai kirki da kishi, wanda ya sa aka rubuta BA A SHIGA da jan fenti a ƙofar zaurensa. Ko ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya a zauren yake tsayawa. To a irin wannan gida ne aka ga hoton matar gidan kai a buɗe, da sunan wani namiji a ƙasa.

Namijin kuma nawa ne. Ni na kawo shi.

Bara da rani na fara ganin Jamil, a gonakin noman rani da ke gefen Bagwai. Na kai wa Baba abinci da tsakar rana na tarar da wani ɗan birni, fari tas, da ƙatuwar kamara a wuya, ya jera manoma a cikin tumatir yana ɗaukarsu. Wata ƙungiya ce ta turo shi. Ya nuna wa Baba hotonsa yana jiran yabo, ni kuwa da na leƙa dariya ta ƙwace min.

"Malam, Baban nawa ba shi da ido ne?"

Ya juyo ya haɗe rai. "Ban gane ba."

"Duba mana. Rana tana tsakar ka, ga malfa, idonsa ya zama ramuka biyu baƙi ƙirin. Hancinsa kuma sai ƙyalli yake kamar an shafa masa man gyaɗa."

"Ke kin san kuɗin kamarar nan?"

"Ban sani ba. Amma ko nawa ce ba ta hana rana tsayawa a tsaka. Ka dawo bayan la'asar, ka tsayar da shi rana na gefensa."

Baba ya ce in rufe masa baki in tafi gida. Na tafi.

Bayan la'asar kuwa ya koma. Washegari sai ga shi a ƙofar gidanmu yana tambayar yarinya mai tsiwa, da hoton Baba a hannunsa, fuskar tsoho ta fito har da 'yar furfurar gemu, kamar ka yi masa magana ya amsa.

"Wa ya koya miki?"

"Ɗinkin hula," na ce masa.

Gaskiya na faɗa. Tun ina shekara bakwai Inna ta zaunar da ni ɗinkin hula, kuma mai ɗinki dole ta san haske. A cikin rana zare kashe ido yake. A ƙuryar ɗaki ba ki ganin ramin allura. Wurin zama shi ne gefen ƙofa, daga hantsi zuwa kafin azahar, hasken ya zo miki ta kafaɗa. Da na samu waya sai na riƙa zaunar da mutane inda nake zaunar da hulata. Idan gefe ɗaya na fuska ya yi duhu, in sa a riƙe min farin zani daga can ɓangaren, hasken ya daki zanin ya dawo a tausashe. Ranar da aka yi lumshi da damina kuwa, ranar sallata ce, kowa kyau yake yi.

Jamil ya zauna a dakali yana saurarena baki buɗe. Daga nan duk Asabar sai ya zo. Shi ya koya min maɓallan kamara, ni na koya masa kallon sama kafin ya danna. Ban san ranar da darasi ya koma zance ba.

"Juwai tawa," haka yake cewa, "kafin in san ki makaho ne ni da kamara."

Ni kuma in rufe fuska da hijabi ina jin kamar an tsoma ni a ruwan sanyi. Ina son shi, ba zan ɓoye ba. Irin son da idan na ji ƙarar mota daga titi sai in zubar da abin da ke hannuna.

Baba bai taɓa yin na'am ba.

"Iyayensa mutanen kirki ne, na san Alhaji Kallamu tun yana awon wake," in ji shi. "Amma yaron da sana'arsa ita ce kwashe fuskokin mutane ya kai inda ba su sani ba, hankalina bai kwanta da shi ba."

Na yi kuka, na ƙi cin abinci kwana biyu, har Inna ta shiga tsakani aka bar shi ya ci gaba da zuwa.

Da ya sayi sabuwar kamara ya bar min tsohuwar. Nan fa matan ƙauyenmu suka samu abin da ba su taɓa samu ba, mai hoto da za ta shiga har ƙuryar ɗaki. Sharaɗi ɗaya ne tsakanina da su, kuma da bakina na ɗauka, babu namijin da zai gani sai mijin mai hoto.

Aina'u da kanta ta aiko a kira ni. Ta yi kitso ta yi ƙunshi, tana so ta ba Abdulhadi mamaki da hoton cikinsu na fari. Muka jira ya tafi kasuwa, muka jira rana ta ɗaga har haske ya kai bakin gado. Sau uku kawai na danna.

Bayan sati biyu Jamil ya karɓi katin kamarar zai wanko min hotunan gona a Kano.

"Akwai na mata a ciki, na ware su gefe. Don Allah kar ka buɗe."

Ya dafa ƙirji. "Haba Juwai. Amanarki ce fa. Wallahi ko kallon wurin ba zan yi ba."

Ya rantse, na yarda, na miƙa masa. Asabar ta gaba ya dawo min da katin.

Ranar da Aina'u ta zo Talata ce. Tana kwance a ɗakin Inna ta juya min baya na zagaya bayan rumbu na kira shi. Sai a kira na biyar aka ɗauka, kuma muryar mace ce.

"Wace ce?"

"Juwairiyya ce. Ina mai wayar?"

"Au, ke ce ta Bagwai ɗin? Mai riƙe masa farin zani?" Ta yi 'yar dariya. "Sunana Ikhlas, ofishinmu ne ya shirya gasar. Ni na ga hoton a kwamfutarsa na ce ya saka. Ki taya shi murna mana, aiki za a ba shi."

Mai riƙe masa zani! Abin da ya gaya musu ke nan.

Na ji an karɓe wayar.

"Juwai... baby ki tsaya ki ji."

"Ka buɗe."

"Kuskure ne wallahi, ina neman na gona na gan shi. Juwai ban taɓa ganin hoto irinsa ba. Hasken nan... na kasa barinsa ya mutu a cikin kati."

"Sai ka sa sunanka."

"Dokar gasar ce, sai mai rajista. Don mu na yi! Idan na samu aikin nan wata biyu ya yi yawa na turo magabatana."

"Jamil, ka san abin da sunanka a ƙasan hoton nan yake nufi a garinmu? Yana nufin ka shiga ɗakin matar aure, ka same ta ba ɗankwali, ta zauna maka. An kore ta da ciki wata bakwai."

Ina jin numfashinsa.

"Subhanallahi. Ni ban kawo wannan ba sam."

Na yarda bai kawo ba. A Kano suna ne kawai a ƙasan hoto. Har a lokacin zuciyata nema masa hanya take.

"To ka zo ranar Juma'a. Ka tsaya gaban Abdulhadi da Liman ka ce ba kai ka ɗauka ba, ƙafarka ba ta taɓa taka gidan ba. Magana ɗaya ce."

"Juma'ar nan?"

"Ita."

"Juwai, ranar ake ba da kyautar. Kuma idan maganar ta fita cewa ba ni na ɗauka ba, an gama da ni a wannan sana'ar. Please ki ba ni sati biyu, in sa hannu a takardar aiki tukuna, sai in zo in lallashi mutumin."

"Sati biyu? Takardarta ranar Juma'a za a rubuta!"

"Ai saki ɗaya ne, ana iya mayarwa..."

Na cire wayar daga kunnena na kalle ta. Mutumin da na ƙi cin abinci dominsa ne ya faɗi wannan. Na kashe, na zauna a gindin rumbu na yi kuka har kaji suka taru suna kallona.

Laraba ta wuce ba wanda ya yi min magana a gidan. Mata uku suka aiko yara a goge hotunansu, na goge. Inna ta je gidan Abdulhadi ta ce ɗiyarta ce ta ɗauka, uwarsa ta ce ai dole ku ce haka, naku ne.

Ranar Alhamis da hantsi na ɗauko kamarar na buɗe hoton, don ban da ƙarfin halin kallon Aina'u ido da ido. Na jawo fuskarta kusa ina ba ta haƙuri a zuci. Na ƙara jawowa har idonta ya cika gilashin.

A nan na tsaya.

Duk wanda zan ɗauka sai na juya shi har na ga ɗigon haske ya sauka a ƙwayar idonsa, don ido ba ɗigon nan kamar na mai barci yake. Sau ɗari na nemi ɗigon, amma ban taɓa leƙa cikinsa ba sai ranar. Ashe ƙofar ɗakin ce ƙarama a ciki. Ga farin zanin da na rataya a jikin ƙyaure. Ga kuma mutum a tsaye a gefen ƙofar, baƙi saboda hasken na bayansa, da hijabi tun daga ka har ƙasa.

Ni ce.

"Inna! Inna zo ki gani!"

Ranar Juma'a bayan an sauko suka zauna a zauren Baba: Liman, Baba, mahaifin Aina'u, da Abdulhadi da ya ƙi kallon kowa. Na durƙusa daga bakin ƙofar cikin gida na yi sallama.

"Baba, ina neman izini in nuna abu."

"Ke kuma me ya rage da ba ki nuna wa duniya ba?" in ji Baba.

Liman ya ce a bar ni.

"Yaya Abdulhadi kaɗai zai gani, tunda iyalinsa ce."

Na tura masa kamarar a kan buzu, na gaya masa inda zai danna. Ya danna, ya ƙara dannawa. Na ce ya matsa daga hasken ƙofa ya kare gilashin da hannu, zai fi gani. Ya matsa. Ya daɗe yana kallo.

"Ido madubi ne, Yaya. Duk wanda ya tsaya a gabanta lokacin da aka danna, yana ciki. Ka duba da kyau, mutum nawa ne?"

"Ɗaya."

"Namiji ne?"

"Mace ce. Da hijabi."

Liman ya yi hamdala. Mahaifin Aina'u ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin rawani.

"To don wa aka yi hoton?" Abdulhadi ya tambaya.

"Dominka. So take ta ba ka ranar suna."

Ya ajiye kamarar a hankali. Sai a lokacin ya dube ni.

"Ki gaya mata ta shirya, da la'asar zan turo a ɗauke ta. Ni ma zan ba ta haƙuri, na zarge ta da abin da ba ta yi ba." Ya miƙe yana gyara hula. "Amma ke Juwairiyya, zargi ɗaya kika wanke. Kan matata da 'yan dako suka gani a Dawanau, wa zai mayar masa da ɗankwali?"

Na jawo kamarar daga kan buzu na koma cikin gida.

Jamil ya zo bayan sati biyu cif, kamar yadda ya ce. Mota ya aro, ya sha shadda, ga ledoji a kujerar baya. Na fito da kamarar a cikin jakarta na tsaya nesa da dakalin.

"Juwai tawa, kin rame."

Na gyara riƙon jakar.

"Na sa an sauke hoton. Aikin ma na samu. Ikhlas kuwa wallahi ba komai tsakaninmu, bakinta ne kawai. Na yi wa Alhaji magana, jibi za su zo wurin Baba." Ya matso. "Kuma na yi tunani, idan mun yi aure zan buɗe studiyo da sunanki. Kowa ya san ke ce mai idon."

"Ba suna na nema ba."

"To me kike so? Faɗi ko mene ne."

"Ranar Juma'a na so ka. Ba ka zo ba."

"Ai ga shi komai ya daidaita! An mayar da ita, ko ba haka ba?"

"An mayar da ita. Ba kai ka mayar ba."

Na ajiye jakar a kan motar. Ya kalle ta, ya kalle ni, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi ko a lokacin sai da zuciyata ta motsa, don rana ta yi sanyi ta sauka a gefen fuskarsa, bai taɓa yi min kyau irin na ranar ba. Na ji haushin kaina da har yanzu nake lura da irin wannan.

"Juwairiyya kar ki yi mana haka... ina son ki."

"Na sani. Ni ma haka. Amma ka ce wa Alhaji kar ya wahalar da ƙafarsa."

Na shige gida. Ya daɗe a waje yana aiko sallama kafin na ji tashin motar. Baba yana zaure yana jin komai, bai ce ai na gaya miki ba. Cewa kawai ya yi, "Je ki sha ruwa, uwata." Wannan ya fi komai sa ni kuka.

Aina'u ta haihu farkon kaka, namiji, aka sa masa Abdussalam. Ba a aiko min ba, amma ranar suna na yi wanka na bi Inna.

Muna shiga tsakar gidan hira ta tsaya. Mata suna ta raha kai a sake, suna ganina kowa ta laluba mayafinta. Wata ta janye ɗiyarta ta mayar bayanta. Waɗannan su ne matan da a da suke rige-rigen kira na in zo kafin rana ta yi zafi.

Na daure na nufi ɗakin mai jego. Tana zaune da jaririn a cinya, ta yi fayau, ta yi kyau. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga.

"Aina'u... barka da arziki. Ki yafe min."

Ta ɗago ta dube ni. Idonta ya cika da hawaye, nawa ma haka.

"Na yafe miki tuntuni, Juwai. Zo ki ɗauki ɗanki."

Na ɗaga ƙafa zan shiga, sai ta ɗaga min hannu.

"Tsaya. Wayarki tana jikinki?"

"Tana nan."

"Ki kai ta zaure ki ajiye tukuna."

Na juya na ratsa tsakar gidan, duk idanu a kaina. Na ajiye wayar a kan dakalin zaure kusa da takalman baƙi, na dawo na karɓi yaron da hannu biyu.